Tsohon Batirin Motar Haibirid: A Guji Cinikin Biri A Sama

Tun daga ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da shugaban Najeriya Bola Tinubu ya bayyana cire tallafin man fetur, lissafin duk wani mai abin hawa a bakin iyaka ya sauya. Man da ake tsallakowa da shi cikin jarkoki ana sayarwa a bakin hanya, wanda muke kira ruwa-ruwa, ya daina zama garaɓasa, domin litar da ake saye ƙasa da Naira 200 a can sai da ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen shekarar 2024. A nan Nijar kuwa, ko da yake gwamnati ta rage kuɗin litar esansi daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024, jama'a ba su manta da dogayen layukan da aka sha a gidajen mai cikin watan Maris na 2025 ba.

Wannan ne ya sa wasu daga cikin ƴan kasuwarmu masu zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙonni da Illela, ko Gaya da Kamba, suka fara sa ido ga wata irin mota da a da ake wucewa ko kallo ba ta ishe su ba, wato motar haibirid, mai tafiya da mai da kuma wutar batir a lokaci guda. Wadda aka fi sani ita ce Toyota Prius, da ta fara fitowa a ƙasar Japan cikin watan Disambar 1997, sai kuma Camry da Auris da Yaris masu irin wannan tsari, da Honda Civic. Abin da ke jan hankali ba ɓoyayye ba ne. Prius mai lafiya tana shan kamar lita 5 a tafiyar kilomita 100. Idan motar mutum ta yanzu tana shan lita 10, to daga Maraɗi zuwa Yamai, tafiyar kimanin kilomita 660, ya tsira da lita 33 ke nan a zuwa kaɗai, kuma a farashin sefa 499 wannan ya haura jaka 16. Bugu da ƙari, sau da yawa dillali kan yi mata kuɗi mai sauƙi.

To amma fa masu iya magana sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Saukin kuɗin yana da dalili, kuma dalilin yana kwance ne a bayan kujerar baya cikin wani akwatin ƙarfe mai nauyin kimanin kilo 40. A Amurka, inda da yawa daga cikin motocin nan suke fitowa, lamunin da kamfanin Toyota ya ba batirin irin waɗannan tsofaffin ƙira shi ne shekara 8 ko kilomita 160,000, a wasu jihohi kamar Kalifoniya shekara 10. Motar da aka ƙera a 2008 ta daɗe da wuce wannan wa'adi kafin ta hau jirgin ruwa. Mai ita na farko ya ci moriyarta, ya ga batir ya fara gajiya, ya tambayi kuɗin sabo aka ce masa ya haura dala 2,000, dalar Amurka fa ba dalarmu ta sefa biyar ba, sai ya sallama ta. Ita ce take isowa gare mu tana sheƙi.

Abin da ke cikin akwatin

Batura biyu ne a motar, kuma rashin bambance su ya jawo wa mutane asara. Akwai ƙarami mai bolt 12 irin wanda kowa ya sani. A Prius ƙirar 2004 zuwa 2015 yana cikin but ne ta gefen dama. Shi aikinsa tayar da kwamfutocin motar da kunna fitilu kawai. Babban shi ne mai tayar da inji, kuma shi ke taimaka masa wurin jan mota. Motar ba ta da sitata, ba ta da altaneta irin na sauran motoci, saboda haka ba a tura ta ta tashi, ko da samarin unguwa duka sun taru.

Idan aka buɗe babban batirin Prius na waɗannan shekaru, za a tarar da ƴaƴan batir 28 jere kamar yankan burodi, an matse su tsakanin ƙarfe biyu. Masu gyara suna kiran kowane ɗaya modul. Kowane ɗa yana da ɗakuna shida a ciki, kowane ɗaki bolt 1.2, wato bolt 7.2 ke nan. Idan aka haɗa su duka, ɗakuna 168 ne masu ba da bolt 201.6. Na Camry ƙirar 2007 zuwa 2011 ƴaƴansa 34 ne, bolt 244.8, na Yaris kuwa 20 ne, bolt 144. An yi su da sinadarin nikel ne, ba da darma da ruwan asid irin batirin da muka saba da shi ba, don haka babu zancen ƙara masa ruwan batir.

Abin lura a nan shi ne, an jona ƴaƴan ne ɗaya bayan ɗaya kamar ayarin raƙuma, wuta sai ta bi ta cikin kowannensu. Ɗaki ɗaya tak cikin 168 idan ya mutu, kwamfuta za ta ce batir duka ya lalace. Wake ɗaya ke ɓata gari. Wannan labari ne mai daɗi da marar daɗi: mai daɗi don ba kullum ne sai an sayi sabon batir ba, marar daɗi don ranar da ɗaya ya faɗi, sauran ƴan uwansa 27 ma shekarunsu ɗaya da shi.

Ƙasarmu ba ta yi masa da sauƙi

Babban maƙiyin wannan batir zafi ne. Waɗanda suka ƙera shi sun tanadar masa ƴar fanka da ke zuƙo iska daga cikin motar, ta wata ƴar taga da ke gefen kujerar baya ta hannun dama, ta hura ta tsakanin ƴaƴan batir ta fitar waje. Iskar da fasinja ke shaƙa ita ce iskar da batir ke sha. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, motar da aka bari cikin rana gilasai a rufe tun safe har la'asar ranar kasuwa, cikinta kan wuce digiri 60. Mai ita ya fito ya kunna ya kama hanya, don tsimin mai kuma ya ƙi kunna na'urar sanyi. A motar haibirid wannan tsimi asara ne, domin sanyin nan ba na direba kaɗai ba ne.

Daga nan sai ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Maris hazo da ƙurar hunturu ba su barin kowa, ga hanyoyin ƙauye na jar ƙasa. Ƙurar tana manne wa fikafikan fankar har su cushe, fanka ta yi ta juyi tana ƙugi amma iska ba ta wucewa. Ƴaƴan batir da ke tsakiyar jeri su suka fi shan zafi, shi ya sa galibi su ke fara mutuwa.

Sai kuma halinmu na lodi, wanda a ganinmu ya fi ƙurar ɓarna. Mu dai mun san motar ɗan kasuwa ba ta tafiya da kujerar baya a sake. Buhun gero, dilar atamfa, katan ɗin taliya, duk a nan suke zama, kuma buhu ɗaya ya isa ya toshe ƴar tagar nan ruf. Ko babbar riga ko mayafin fasinja ya rufe ta, an gama. Duk wanda sana'arsa ta dogara ga cika mota da kaya har rufi ya bi hanyar rairayi, shawararmu ita ce ya nemi wata motar. Prius gajeruwa ce daga ƙasa, kuma ribarta ta fi fitowa cikin gari inda ake yawan tsayawa da tashi, ba a doguwar hanya da nauyi ba.

Abu na huɗu shi ne zama. Batirin nikel yana zubar da wutarsa da kansa ko ba a taɓa shi ba, kuma zafi yana ƙara saurin zubar. Motar da ta yi watanni a filin gwanjo a Amurka, ta yi makonni cikin teku, ta zauna a filin motocin Kwatano ko Lome, ta riga ta galabaita. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso cikin ayari da rakiyar sojoji, zaman jira ya ƙara tsawo. Mota irin ta da idan ta yi wannan zama, sai a canza mata ƙaramin batir ta tashi. Haibirid idan babban batirinta ya sauka ƙasa da ƙarfin da zai juya inji, sai an nemo caja ta musamman.

Yadda ake yi masa caji

Tambayar da masu sauraro suka fi aiko mana a rediyo game da motar nan ita ce, a ina ake jona ta? Amsa ita ce ba a jona ta. In ban da wani nau'i mai soket da ya fito a 2012, wanda batirinsa na litiyom ne, Prius da ƴan uwanta suna cajin kansu ne ta hanya biyu: daga inji, da kuma lokacin taka birki ko gangara, inda motar ke mayar da ƙarfin gudunta wuta. Kwamfutar ba ta yarda batir ya cika maƙil ko ya ƙare ƙarƙaf. Tana riƙe shi ne tsakanin kashi 40 da kashi 80 cikin ɗari, kuma wannan dabara ce ta sa yake kai shekaru masu yawa.

Littafin motar ya ce a riƙa tuƙa ta aƙalla minti 30 ko kilomita 16 duk bayan ƴan watanni. Da irin zafinmu, gara a yi hakan duk mako biyu. Wanda zai tafi aikin Hajji ko fataucin da zai ɗauke shi wata da watanni, ya bar wa wani amintacce makulli. Idan a tsaye za a kunna ta, a bar giya a P, domin a giyar N motar ba ta yin caji sam, wuta kawai take ci. Haka zalika kada a yarda mai ya ƙare. Direba kan ji daɗi wai mai ya ƙare amma mota tana tafiya da batir, ya ce bari ya lallaɓa zuwa gidan mai. Tafiyar ba ta wuce kilomita ɗaya ko biyu, kuma idan ya tatse batir ƙarƙaf, ko ya cika tanki ba za ta tashi ba.

Cajar da masu gyara ke amfani da ita wurin farfaɗo da batir duka, wuta kaɗan take bayarwa, ƙasa da rabin amfiya, tana ɗaga batir sannu a hankali zuwa wajen bolt 240, aikin da kan ci wuni har da kwana, kuma dole fanka tana hura shi. Hikimar ita ce ɗakunan da suka riga suka cika su jira waɗanda ke baya ba tare da sun ƙone ba. Kada wani ya ce ai wutar gida ma bolt 220 ce, ya ja waya daga soket ko janareta ko injin walda ya jona. Wutar gida mai kai da komowa ce, ta batir mai bin hanya ɗaya ce. Haɗa su gobara ce.

Kafin a biya kuɗi

Batirin da ya gaji yana da alamu. Ma'aunin caji da ke kan allon gaban direba zai riƙa cika da sauri yana zubewa da sauri, kamar tulu mai huji. Inji zai ƙi yin shiru ko a tsaye, yana ta gurnani, mai kuma yana ƙara tafiya. Fankar baya za ta riƙa ƙara har fasinja ya ji. Motar za ta rasa ƙarfi a hawa, musamman idan ana baya da ita, domin Prius da wutar batir take yin baya, inji ba ya tura ta ta wannan fuska. A ƙarshe sai jar alama mai kusurwa uku ta kama, ko rubutun gargaɗi ya fito.

Amma kafin a yanke wa babban batir hukunci, a fara auna ƙaramin. Ƙaramin batir mai rauni yana rikita kwamfutoci su yi ta kunna fitilun gargaɗi na ƙarya. An sha sayar wa mutane babban batir alhali ciwon na ƙaramin ne. Wurin ba shi wuta daga wata mota kuma a kula ƙwarai, domin juya waya sau ɗaya yana iya ƙone kayan da kuɗinsu ya ninka na batirin sau da yawa. A Prius ƙirar 2004 zuwa 2009 akwai kuma wani ɗan famfon ruwa mai sanyaya inbata, wanda Toyota ta yi kiran a mayar a canza a 2012. Idan ya mutu shi ma yana kunna jar alamar nan.

Wayon da ya kamata kowane mai saye ya sani shi ne, idan aka cire wayar ƙaramin batir na ƴan mintuna aka mayar, jar alamar tana gogewa. Motar za ta yi lafiya lau na kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci mako, daidai lokacin da za a yi ciniki a tsallaka iyaka. Ba muna cewa duk dillalai haka suke ba, amma zagaya fili sau biyu ba gwaji ba ne. A nemi a yi tafiyar kilomita 20 zuwa 30 da rana tsaka, da na'urar sanyi a kunne, a hau tudu, a yi baya.

Gwaji na gaskiya kuwa sai da na'ura, kuma ba tsada gare ta ba. Ƙarƙashin sitiyari akwai wata kafa mai haƙora 16 da ake kira OBD2. Ana soka mata wata ƴar na'ura da ba ta kai akwatin ashana biyu ba, ta yi magana da wayar hannu ta manhajoji irin su Dr. Prius ko Hybrid Assistant. Manyan garejoji kuma suna amfani da Techstream ta kamfanin Toyota. Kwamfutar motar tana auna ƴaƴan batir bibbiyu ne, saboda haka za a ga layi 14 a kan waya. Abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin wanda ya fi ƙarfi da wanda ya fi rauni lokacin da mota ke aiki, ba tana hutawa ba. Idan duk suna hawa da sauka tare, tazarar ba ta wuce bolt 0.2 ko 0.3, batir yana da sauran rai. Idan guda yana nutsewa ƙasa da sauran duk sanda aka taka totur, har tazarar ta kai bolt 1 ko fiye, akwai mataccen ɗaki. Lambar P0A80 tana nufin kwamfuta ta yanke cewa a canza batir. Lambobi daga P3011 zuwa P3024 suna nuna wane ne daga cikin 14 ɗin ya raunana. P0AA6 kuwa tana nufin wuta tana zurarewa zuwa jikin mota, kuma ita ba ta wasa ba ce. Na'urar tana kuma iya tona asirin wanda ya goge gargaɗi kwanan nan, domin za ta nuna cewa gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta ba su kammala ba.

A ɗaga shimfiɗar but a duba ramin tayar safaya. Tsatsa, busasshen taɓo ko warin ruɓa alama ce ta motar da ambaliya ta ci. Bayan manyan guguwowi irin su Harvey a 2017 da Ian a 2022, motoci masu ɗimbin yawa da ruwa ya shanye a Amurka sun shiga gwanjo, wasu aka fitar da su ƙasashen waje. Haibirid da ta sha ruwa, ko kyauta aka ba mutum ya yi tunani.

Gyara iri-iri ne

Mafi sauƙi shi ne wanke fanka da share hanyoyin iska, aikin da ya kamata a yi sau ɗaya a shekara, bayan hunturu kafin bazara ta kankama. Na biye da shi shi ne wanke ƴan faifan jan ƙarfe da ke haɗa ɗa da ɗa. Da shekaru sukan yi wata koriyar tsatsa, su hana wuta wucewa sosai, su kuma sa kwamfuta ta karanta ƙarya. Siraran wayoyin awo ma kan cinye su tsinke. Wani batirin da aka ce ya mutu, wannan ne kawai ciwonsa. Wurin mayar da notina akwai ƙa'ida, ma'aunin ɗauri 5.4 ne a sifana mai awo. Idan aka ɗaure da ƙarfin tuwo kan ɗan batir ya karye, idan aka bari sako-sako wurin ya yi zafi har ya narke.

Daga nan sai canza ɗan da ya mutu, kuma a nan ne mafi yawan rigima tsakanin mai mota da makanike take tasowa. Lafiyayyen ɗa idan yana hutawa mita kan nuna tsakanin bolt 7.5 da 8. Mai mataccen ɗaki kan nuna wajen 6.5. Gano wannan ba wuya. Wuyar ita ce, mita kaɗai ba ta nuna gajiya. Ɗa yana iya nuna bolt 7.8 amma da an ɗora masa aiki ya zube. Shi ya sa mai gyaran kirki yake jona wa kowane ɗaya ƙwan fitilar mota na ƴan mintuna, ya rubuta yadda kowanne ya sauka, ko ya yi amfani da ƙaramar caja mai auna yawan wutar da ɗan ke iya riƙewa. Sabo yana riƙe amfiya-awa 6.5, tsoho kan koma rabin haka. Wanda za a saka dole ya yi kusa da sauran a ƙarfi. Idan aka saka mai ƙarfi sosai cikin gajiyayyu, ko gajiyayye cikin masu ƙarfi, tazara ta dawo, jar alama ta dawo. Bayan an haɗa kuma sai an yi wa batir duka caji da sauke wuta a hankali, sau biyu ko uku, don su daidaita. Wannan aiki yana cin kwanaki. Duk wanda ya ce a kawo da safe a karɓa da azahar, canji kawai ya yi, bai daidaita komai ba.

Akwai kuskuren da ake yawan yi: a ciro ɗa guda a aza shi kan tebur a yi masa caji. Jikinsa roba ce, iska tana taruwa a ciki, in ba a matse yake ba sai ya kumbura kamar fanke, kuma wanda ya kumbura ya tashi daga aiki.

Gaskiyar da ya kamata a faɗa wa mai mota ita ce, canza ɗa ɗaya sayen lokaci ne. Wani ya samu shekara, wani wata uku, sai na kusa da shi ya faɗi a sake buɗewa. Ga wanda ke yawo cikin gari kusa da makanikensa, ana iya lallaɓawa haka. Ga wanda ke kwana a hanya da kayan mutane, wanda tsayuwar mota a daji tsakanin Madarunfa da Ɗan Isa za ta sa ya rasa ranar kasuwa, gara ya haɗa kuɗi ya canza batir gaba ɗaya. Idan na hannu ne, a sa a buɗe murfin a gani. Kowane ɗa yana da lamba a kansa. Batirin da ba a taɓa ba lambobinsa suna tafiya tare, wanda aka harhaɗa daga matattu kuwa za a ga lambobi barkatai da rubutun maka. Akwai kuma sababbin batura na wasu kamfanoni, mafi yawa daga ƙasar Sin, wasu na nikel wasu na litiyom. Kwamfutar tsohuwar Prius da lissafin nikel aka gina ta, saboda haka mu dai ba za mu ba mai zuwa daji shawarar ya fara gwada na litiyom ba. Kowanne aka saya, a rubuta lamuni a takarda da shaidu: wata nawa, kuma wa zai biya kuɗin aiki idan ya dawo.

Masu gyaran na'urar sanyi su ma su ji. Daga ƙirar 2004, kwamfuresar Prius da babbar wuta take aiki, kuma tana da manta na musamman mai suna ND-11. Idan aka zuba mata man kwamfuresa na sauran motoci, wuta za ta fara zurarewa, mota ta ƙi tashi, a dawo ana zargin batir. Wurin janye ta kuma, a ɗaga ƙafafun gaba ko a ɗora ta kan babbar mota, kada a ja ta da igiya.

Kira ga iyayen gareji

Ƴan rewaya sun saba da bolt 12, wanda iyakarsa tartsatsi. Wannan ba shi ba ne. Bolt 200 yana kashe mutum, kuma bayan inbata ta ɗaga wutar tana kai bolt 500 a ƙirar 2004 zuwa 2009, da 650 a ƙirar 2010 zuwa 2015. Duk wayar da aka gani mai launin ruwan goro, ta babbar wuta ce. Ƙa'idar ita ce a kashe mota, a nisanta makulli, a cire wayar ƙaramin batir, sannan a zare wani filogi mai ruwan goro da ke jikin akwatin, mai aikin ya saka shi cikin aljihunsa don kada wani ya mayar, a jira minti 10, a auna da mita kafin a taɓa komai. Ko bayan an zare filogin, batirin ya rabu gida biyu ne kawai, kuma kowane ɓangare yana da sauran wutar da za ta iya kisa har sai an kwance faifan jan ƙarfen. Ana buƙatar safar hannu ta roba mai jure bolt 1,000, ba safar leburanci ba, a cire zobe da agogo, a naɗe sifana da tef, kuma kada a yi aikin da jiƙaƙƙen hannu ko a kan ƙasa mai damshi. Maigida kada ya tura yaron da ya zo koyo jiya ya buɗe akwatin nan shi kaɗai. Amana ce iyayensa suka kawo.

Ruwan da ke cikin ƴaƴan batir ɗan uwan soda ne mai cin fata. Idan ya taɓa jiki a wanke da ruwa mai yawa, idan ido ne a wanke a garzaya asibiti. Ƴaƴan da aka cire kuma kada a jefa su bola ko cikin wuta, kada a bar wa yara su fasa. Masu sayen tsofaffin ƙarafa suna karɓarsu saboda nikel ɗin da ke ciki, kuma mai sayar da batir yakan rage kuɗi idan aka ba shi tsohon, don haka a sa shi cikin ciniki tun kafin a kwance shi daga mota.